Kawuna Mai Nutso da Aiken da Ya Yi Mini Zuwa Teku

Kujerun roba ba su ishe mu ba ranar da aka kafa rumfa a ƙofar gidan Kawu a Narayi. Ni aka ba aikin kula da su, na yi ta fargaba kada su yi yawa a ga wuri fayau mu ji kunya. Kafin rana ta take sai da aka je coci aron bencuna.

Kawu wan mahaifiyata ne. Ya cika da safe a ɗakinsa, ya haura shekara saba'in. Sana'arsa tun ƙuruciya nutso ce. Yakan goya tukunyar iska a baya, ya sa gilashi a fuska, ya sauka ƙarƙashin teku yana duba gindin jiragen ruwa, yana ɗaure abin da ya kwance. Ya yi wannan a Legas da can wajen masu haƙar mai, sannan ya dawo Kaduna ya zauna, inda babu teku ko na magani.

Wani dattijo Ibo, bakanike a Kakuri, shi ya fara sa mutane hawaye. Shi ke gyara ɗan injin da Kawu yake cika tukwanensa da iska. Ya zauna kusa da Mama, matar Kawu, ya cire hula ya ce, "Shekara ashirin mutumin nan yana zagina a kan inji guda. In na gyara sai ya shinshina iskar ya ce tana warin mai, in sake. Yanzu wa zai zage ni, Madam?"

Wata Hajiya ta tsallako gadar kogin Kaduna da 'ya'yanta biyu, manya. Babu wanda ya san ta a cikinmu. Ta ce mijinta mai ɗibar yashi ne a kogi, kwalekwalensu ya kife wata damina, aka kwana uku ana nema. Kawu ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga wannan jan ruwa da ko tafin hannunka ba ka gani. "Ya fito mana da shi muka yi masa sutura kamar kowa," in ji ta. "Ko ruwan gidanmu bai tsaya ya sha ba." Mama ma ba ta san da labarin ba sai ranar.

Mai ƙosai ta bakin layi kuwa ta durƙusa ta ce a yafe mata, ta daɗe tana gaya wa mutane Baba yana da aljanun ruwa. Mama ta share ido ta ce, "Aljani ɗaya na sani a gidan nan, wanda ke shanya baƙar rigar roba a kan igiyata ranar da na yi wanki." Aka yi dariya a cikin makoki, har fasto.

Kowa ya riƙe ɗan gefensa na Kawu ya tafi da shi. Ni kaɗai ce a dangi na bi shi cikin ruwa, shi ya sa na ga in ban rubuta ba wannan gefen zai ɓace. Tela ce ni a unguwar Television, karatuna bai wuce firamare ba. Sau uku ina fara rubutun nan ina yagewa, don tsoron kada in sa masa maganar da bai faɗa ba. Abin da ke nan shi ne abin da kunnena ya ji.

Da ɗinki abin ya fara. Wata rana ya shigo shagona da leda a hannu ya ce, "Uwata, ga aiki." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Rigarsa ce ta nutso, roba mai kauri, ta yage a hammata. Keken ɗinki ya ƙi cin ta, na ɗinke da hannu. Na sake bi. Na kuma bi na uku. Sannan na zuba mata ruwa a baho in gwada, sai ga ruwa yana tsattsafowa ta ɗinkin. Sati guda rigar tana ƙarƙashin teburina, ko abinci ba na jin daɗinsa. A ƙarshe na hau keke napep na kai masa har gida.

Na ce, "Kawu, ka kai wa wani. Ruwa yana shiga. In ka sa ta wani abu ya same ka, ni ce."

Ya yi dariya har Mama ta leƙo daga kicin. Ya ce, "Rigar nan an yi ta ne don ruwa ya shiga. Ya shiga kaɗan, jikinka ya ɗumama shi, shi kuma ya tsare ka daga sanyi. Sati guda kina rama a kan abin da haka aka yi shi?" Sai ya juya rigar ya daɗe yana kallon ɗinkin, dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Mai duba abu sau uku, irinsa nake so a gefena a ƙasan ruwa. Ranar Litinin ki zo Barnawa."

Na haura arba'in a lokacin, da 'ya'ya uku, ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Maigidana ya ce, "Je ki mana. Amma in kifi ya haɗiye ki, ki bar mini sunayen masu ɗinki in san abin da zan gaya musu." Akwai wani otal a Barnawa mai tafkin iyo. Kawu ke duba musu injin da ke tace ruwan, su kuma suna bar masa tafkin safiyar Litinin, lokacin da babu baƙi. Shi baho yake ce masa. Watanni muka yi yana koya mini iyo kawai, ina shan ruwa ina tari ina cewa na fasa, Litinin ta zagayo in ga kaina a can kafin shi.

Ranar da ya fara goya mini tukunya ba zan manta da ita ba. Ya sa mini bututun numfashi a baki, ya riƙe hannuwana biyu, muka durƙusa a ƙasan tafkin. Na ja numfashi, iska ta zo. A cikin ruwa. Na sake ja, ta sake zuwa. Kumfa tana fita ta gefen kumatuna tana hawa sama kamar tsabar azurfa. Babu ƙarar janareto, babu mai tambayar ko an gama rigarta. Ciwon bayan da keken ɗinki ya sa mini ya tafi, nauyina duka ya tafi, ni da nake haki in na hau bene. Na ɗaga ƙafa na ga ban faɗi ba. Da muka fito na yi ta surutu da bututun a bakina, Kawu ya ce, "Cire shi tukuna, ban iya wannan yaren ba."

A wajen horo bai san wasa ba. Kafin mu shiga sai na duba kayansa ya duba nawa, ɗauri bayan ɗauri, ko da mun yi haka sau ɗari. A ƙasa sai ya sa ni in cika gilashina da ruwa da gangan, in danne samansa in hura iska ta hanci har ruwan ya fita. Ya sa in jefar da bututun bakina in lalubo shi. Ya sa in tsaya cak a tsakiyar ruwa, ba sama ba ƙasa, da numfashina kaɗai. Kada a riƙe numfashi, kada a hau sama da gudu. Duk wannan ya yi mini daɗi, don ni mutum ce mai son a gaya mini abin da zai iya lalacewa in shirya masa.

In mun gama mukan zauna a bakin tafkin muna cin biredi da gyaɗa. Wata rana na tambaye shi me ke kai mutum ƙasan ruwa alhali Allah ya ba shi ƙasa busasshiya. Ya ce, "Wasu yunwa ke kai su, kamar ni da farko. Wasu don su ce sun yi. Na san wani da yake shiga don can ne kaɗai waya ba ta samunsa." Sai ya murza gyaɗa a tafinsa. Ya ce shekara goma sha biyu ya yi yana aiki idonsa a kan ƙarfe da sifana. Wata rana ya gama aiki yana rataye a igiya, yana jiran mintocin da dole mai nutso ya jira kafin ya ƙarasa sama, babu abin yi, sai ga kunkurun teku. Ya zo har gaban gilashinsa ya tsaya.

"Ya dube ni kamar mai gida ya tarar da baƙo a tsakar gidansa bai yi sallama ba. Na ji kunya, Uwata. Shekara goma sha biyu ina shiga gidan mutane ina fita, ban gai da kowa ba."

Tun daga ranar, in ji shi, duk wanda ya yi nutso da shi tambaya biyu yake masa in sun fito: iska nawa ka fito da ita, kuma wa ka gani a can. Wanda ya kasa ta farko zai kashe kansa. Wanda ya kasa ta biyu ya wahalar da kansa a banza.

Ni ta farko ban taɓa faɗuwa ba. Akwai agogo da ke rataye a jikin tukunya, yana nuna iskar da ta rage. Allurar tana farawa daga ɗari biyu, in ta kusa jan layi na hamsin ya kamata a ce kana sama. Wannan agogo ya zame mini kamar jariri. A hannuna yake koyaushe, ina kallonsa ina lissafin in ya yi ƙarya fa, in allurar ta maƙale fa. Tafki kuma babu abin kallo a cikinsa sai tayil, don haka na daɗe ban san ina da matsala ba.

Kawu ya sani. Ya fara tambayata me na gani a ƙasa, in ce tayil. Ya girgiza kai. Haka muka yi makonni. A shago kuma na lura maɓallaina suna raguwa, manyan nan masu ƙyalli da nake sa wa rigunan biki. Na zargi kaina da mantuwa, na zazzage durowa, na share ƙarƙashin keke. Rannan bayan mun fito sai Kawu ya koma ƙasa shi kaɗai, ya dawo ya buɗe tafinsa. Maɓallaina ne, guda shida. Duk zuwan da yake yi gaishe ni a shago, ɗauka yake ya zo ya watsa su a ƙasan tafkin kafin in iso.

Ya ce, "Yau kin wuce ta kan wannan jan sau huɗu. Gwiwarki ma ta taɓa shi."

Raina ya ɓaci sosai. Na ce, "Kai ka ce in kula da iska. Yanzu na kula ya zama laifi?"

"Na ce ki duba ta. Ban ce ki aure ta ba."

Na ce ni ba yarinya ba ce da za a riƙa yi wa tarko da kayan sana'arta. Na tattara jakata na tafi ko biredin ban ci ba. Litinin biyu ban je ba, kuma duk kwanakin nan ina nadamar ɗaga wa babba murya. Ana nan sai ga shi a ƙofar shago da gwangwanin madara, maɓallan a ciki, ya wanke su ya goge. Ya zauna a bencin masu jira ya ce, "Na ɗauki kayanki ban tambaya ba, ki yafe. Amma ki gaya mini, a zumuntar mata ta coci, in kuna waƙa, kina kallon littafi daga farko har ƙarshe?"

Na ce a'a, nakan duba farkon aya in ɗaga kai.

Ya ce, "To haka za mu yi. Ki duba agogo. Ki sake shi. Ki rera aya ɗaya a zuciyarki, idonki a waje. In ta ƙare ki sake dubawa. Iskar da za ta ƙare cikin aya ɗaya ba a yi ta ba tukuna, sai in wani abu ya fashe, shi kuma za ki ji shi da kunnenki."

Na koma. Amma gaskiya ita ce na cuce shi. Nakan rera ayar da gudu kamar mai tsere wa ruwan sama, in gama ta cikin numfashi biyu in cafko agogona. Maɓalli ɗaya ko biyu nake samu in kawo masa, ya ce an fara. Ban taɓa gaya masa ba sai daga baya.

Shekara uku muna wannan. Burinsa shi ne ya kai ni teku da kansa. Akwai wani da ya koya wa aiki a da, yanzu shi ma ya yi furfura, yana da jirgi a Legas yana kai mutane nutso wurin wani tsohon jirgin ruwa da ya nutse tuntuni, kifaye suka mai da shi gari. Muka sa rana bayan Kirsimeti, lokacin da Kawu ya ce ruwa yakan kwanta ya yi haske. Ya yi ta zumuɗi kamar ango. Ya riƙa zana mini jirgin a bayan takardar awo, ga inda ake sauka, ga inda manyan kifi ke fakewa.

Saura sati uku ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida. Likita ya ce zuciya ce, ba nutso ba ko doguwar mota an hana shi. Na je na ce mu fasa, in ya warke ma tafi. Yana kwance ya ce, "Uwata, kada ki yi mini ƙaryar asibiti. Shekara goma sha biyar rabona da teku, kuma na gama ganinsa. Ki je ki gano mini. Ki dawo ki ba ni labari dalla-dalla, ina nan ina jira." Da Mama ta rako ni bakin ƙofa ta riƙe hannuna ta ce a hankali, "Kada ki daɗe."

Kwana biyu kawai jirgin zai fita da mu. Na san in na dawo hannu wofi babu wata tafiya ta biyu da zai ji labarinta.

Teku ya fi duk abin da aka gaya mini. Na tsaya a bakinsa na rasa inda ya ƙare. Mai jirgin ya gaishe ni da girmamawa saboda Kawu, ya gwada ni a ruwa marar zurfi, ya ce hannun Oga ya nuna a jikina. Wannan ya faranta mini rai. Amma da muka kai wurin, jirgi yana rawa, na faɗa ruwa na bi igiya ƙasa, sai duk tsoron duniya ya sauko mini. Ruwan kore ne, ba shi da bango. Kunnuwana suna matsewa ina toshe hanci ina hurawa. Na damƙe agogona da hannu biyu. Ko waƙar ban tuna ba. Na san dai akwai wani baƙin abu babba a gefena, na san mai jirgin ya taɓa kafaɗata sau biyu yana nuna wani wuri, ni kuwa na nuna masa alamar lafiya na mai da ido kan allura.

Da muka hau jirgi sauran mutane suna ta ihun murna suna auna abu da hannuwa. Wai kunkuru ya wuce ta saman kaina, har ƙafarsa ta kusa shafar gashina. Waya ta yi ƙara kafin in cire rigar. Kawu ne, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Iska nawa?"

"Casa'in, Kawu."

"Madalla. Wa kika gani?"

Na yi tunanin in ari labarin kunkurun in ba shi. Da ya yarda. Amma bakina ya ƙi. Na ce, "Ban ga kowa ba. Agogo na gani." Na gaya masa har cutar da nake yi da waƙa tun a Barnawa.

Na zaci faɗa zai yi. Sai ya ce, "Na sani. Ina ganin kumfarki ai, babu mai rera waƙar Allah da wannan saurin. Gobe ki ɗauki wadda tsofaffin zumunta ke ja har fasto ya fara duba agogonsa. Hannunki ya riga ya iya aikin, Uwata. Shekara uku muna koya masa. Ki bar shi ya yi, ke ki je yawo."

Washegari na duba kayana sau uku kamar kullum, mai jirgin ya duba, na bi igiya. A ƙasa na duba agogo, ɗari da tamanin. Na sake shi. Sakinsa ya fi mini wuya fiye da ranar da na fara kai autana makaranta. Na harɗe hannuwana a kan cikina don kada su koma, na ɗauko waƙar nan mai nauyi, na ɗaga kai.

Ashe gari ne. Baƙin abin jiya jirgi ne kwance a gefensa, duk jikinsa ya tsiro da abubuwa kamar leshi, wasu ja wasu ruwan goro, suna kaɗawa a hankali. Kifaye farare sun fi a ƙirga suna tafe tare, su juya gaba ɗaya lokaci guda kamar matan zumunta cikin anko, haske ya tashi a jikinsu ya mutu. Wani mai ratsin rawaya da baƙi ya zo yana tsintar wani abu a jikin ƙarfe, ɗan bakinsa tsuke kamar mai gulma. Wani dogo siriri mai haƙora a waje ya tsaya can nesa ba ya motsi, yana harararmu kamar ɗan sanda a shingen hanya. Aya ta ƙare, na duba agogo, lafiya lau, na sake shi. Wannan karon bai yi wuya ba.

A aya ta uku na ga tarin ɓawon katantanwa a bakin wani bututu, an tara su wuri ɗaya kamar shara a ƙofar gida. Na ce a raina wa ya yi wannan aikin. Na sauke numfashi na tsaya cak a gabansa yadda aka koya mini. Sai abin da na ɗauka tsatsa ce ya buɗe ido. Wata dabba ce mai hannuwa takwas, kai kamar buhu, babu ƙashi a jikinta. Ta fito da hannu ɗaya ta naɗe shi ta warware. Ina kallo ta canja launi daga na tsatsa zuwa fari fat, sannan ɗigo-ɗigo kamar atamfa, a gaban idona, babu rini babu komai. Ta malalo daga bututun kamar kunu, ta taka hannuwanta a kan ƙarfe tana tafiya tana waiwayena.

Dariya ta kama ni. Ban san cewa in mutum ya yi dariya kumatunsa sukan ɗaga gilashi ba. Ruwan gishiri ya cika shi har ido. Hannuna ya tashi da kansa ya danne saman gilashin, hancina ya hura, ruwan ya fita, kuma tana nan ba ta tafi ba. Sai da muka kama hanyar sama, ina rataye a igiya ina jiran mintocina, na gane abin da ya faru. Abin da na fi tsoro ya same ni a ƙasan teku, ban ma ba shi hankalina ba.

Na ƙi ba shi labari ta waya. Na ce masa kawai, "Saba'in, kuma ina tafe da baƙi." Daga tasha ban biya gida ba, Narayi na wuce da jakata. Ya rame a 'yan kwanakin nan, an jingina shi da matasai. Na zauna a bakin gado na fara tun daga igiya. Ya rufe ido yana ji, yana tare ni. "Ta wane gefe kuka sauka? To, to. Farare nan suna nan har yanzu? Ja'irai." Dogon mai haƙora ya ce ya san kakansa. Da na zo kan gilashin da ya cika ya buɗe ido ya ce, "Kin tsorata?" Na ce ban samu lokaci ba. Ya buga katifa da tafinsa.

Mai hannu takwas kuwa ya faɗi sunanta da Turanci, ban iya rubuta shi ba. Ya ce, "Yaya ta yi tafiyar? Kada ki faɗa mini, nuna mini."

Na ce, "Haba Kawu, da girmana."

"Ni na aike ki. Nuna mini."

Na ɗaure zanina na sauka kan ledar ɗaki. Na baza hannuwa da ƙafafu, na langaɓe wuya, na ja jiki daga gado zuwa bakin ƙofa ina waiwayensa ina zare ido. Daidai nan Mama ta turo ƙofa da kofin kunu ta tarar da ni a ƙasa. Ta ce, "Yau kuma wane iri ne ya shigo mana?" Kawu ya yi dariya har hawaye suna bin kunnuwansa, yana nuna ni ya kasa magana. Dariyar ta juye tari, tari mai tsawo, sai da muka tallafe shi muka ba shi ruwa. Da ya lafa ya riƙe yatsuna ya ce, "Na gani. Kin kai ni."

Kwana tara bayan wannan ya cika.

Tun ranar tarin nan yake damuna. Likita ya ce a kiyaye masa zuciya, ni kuwa na je na sa shi dariyar da ta girgiza shi haka. Na yi ta auna abin, ko da ban sauka ƙasa ba da ya ƙara sati, ko wata. Bayan an kwashe rumfa na sami Mama ita kaɗai tana tsince shinkafa, na durƙusa na fara neman gafara. Ba ta bari na kai ƙarshe ba. Ta ajiye faranti ta ce, "Tashi. Tun da ya faɗi ban ga haƙoransa a waje ba sai ranar. Kwana taran nan duk wanda ya zo dubiya sai ya sa shi ya zauna ya ji labarin mai hannu takwas, har yana ƙara abin da ba ki faɗa ba. Ki nemi gafara a kan wani abin in kina so, wannan kam ban ba ki izini ba."

Na tashi na ɗauki faranti na taya ta tsinta.

Ubangiji ya karɓi bawansa da ya sauka wurare masu duhu don wasu su samu binne nasu. Ya riƙe Mama, ya ba ta ƙarfin zama a gidan da ya yi shiru. Mu da muka rage, ya ba mu hannun da ya iya aikinsa da idon da zai ɗaga ya duba. Amin.